Hirar asuba a guruf: zumunci ne ko zaman banza?

Abin da ake ja-in-ja a kansa a Zangon Kumasi, unguwar Hausawa da sauran baƙi a ƙasar Gana, daga kan mumbari har teburin mai shayi, shi ne wannan hirar da mutane ke buɗewa a WhatsApp tun gari bai waye ba. A fara da "kun kwana lafiya", a bi da mafarkin daren jiya, a gangara kan kukan aiki, a ƙare da labarin unguwar Aboabo ta da. Wasu malamai na ganin ta cinye lokacin azkar da karatun asuba. Masu gareji a Suame Magazine na cewa yara na iso musu aiki ido a kumbure, waya a hannu. A ɗaya gefen kuma akwai wanda zai rantse maka cewa ba don guruf ba, da bai ji rasuwar ƙanwar mahaifiyarsa ba sai bayan sadakar uku. To, wace ce gaskiya?

Mai son sanin nauyin abin ya tuna ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, lokacin da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma. Layukan MTN da Telecel suka yi sanyi, jama'a suka yi ta layin sayen sim na AT saboda shi ne ke motsi. Ba duk masu layin ne ke da harkar banki ko odar kaya ba. Da yawa so suke kawai su ji waye ya tashi lafiya.

A ganina ɓangarorin biyu sun kama reshe sun bar tushe. Hirar kanta ba ta da laifi, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Abin da ya sauya shi ne yawan kunnuwan da ke saurare. Ana magana da muryar cikin ɗaki, alhali a tsakiyar kasuwar Kejetia ake tsaye. Kusan duk alherin hirar da duk sharrinta daga nan suke fitowa.

Wace hira ake nufi?

Ba kowane guruf ba. Akwai na sanarwa, irin na masallaci ko na ƙungiyar 'yan kasuwa, inda admin kaɗai ke da baki. Akwai na siyasa, wanda ba ya barci, balle a mazaɓar Asawase idan zaɓe ya ƙarato. Wanda ake magana a kansa shi ne na tsakiya: na tsofaffin ɗaliban makaranta ɗaya, na 'yan layi ɗaya a Sawaba ko Akwatia Line, na samarin bes ɗaya, wato majalisar hira, da rayuwa ta warwatsa, na dangi. Sau da yawa don wani biki aka buɗe shi, biki ya wuce, guruf ya zauna.

Tsarin safiyarsa kusan ɗaya ne ko'ina. Wajen biyar saura, Alhajin da ya girmi kowa ya turo sallama da hoton fure mai addu'a a jiki. Amin, amin, amin ya Allah. Sai wata ta danna murya, kana jin carar zakara da ƙarar bokiti a bayanta: "Yaya, wallahi jiya na ga Mma a mafarki, tana zaune ƙofar tsohon gidanmu tana tsince shinkafa, ba ta ce min komai ba." Wani ya ce Allah ya jiƙanta, a yi mata sadaka. Wani ya tambaya ko gidan nan ne na kusa da famfo. Shi ke nan an buɗe babin famfo, da layin bokitai da asuba, da matar da ke sayar da koko da ƙosai a gefensa. Kafin bakwai direban pragya, wato keke mai ƙafa uku, ya shigo da kukan kuɗin mai, tela ya ce an ɗauke wuta tun dare ga ɗinkin biki a hannunsa, wani ya ce, "Kawu, in ka ji mai neman direba ka tuna da ni." Ƙarfe takwas wuri ya yi tsit, kowa ya kama gabansa.

Wanda ya nemi labari a cikin wannan zai ce babu komai. Amma ai ba don labari ake yinta ba. Tun 1923 masanin al'adu Bronislaw Malinowski ya bayyana cewa akwai nau'in magana da aikinta ɗaure mutane kawai, ba isar da bayani ba. Bahaushe bai jira shi ba. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya kasuwa, amsar duka lafiya lau ce ko da mutum a asibiti ya kwana, kuma an ce yawan gaisuwa ya fi yawan faɗa. Amin ɗin asuba ƙidaya ce. Wanda aka saba gani kullum in ya yi shiru kwana biyu, za a samu mai kiransa, ko a tura yaro gidansa ya dubo.

Daga ina ta samo asali?

Zango tun farko wurin mutanen da danginsu ke nesa ne. Fataken Kano da Katsina da Sakkwato sun daɗe suna zuwa Salaga sayen goro. Yaƙin basasar da aka yi a can a 1892 ya watsa su zuwa Kete Krachi da Yeji da Atebubu da Kintampo, kuma bayan Turawan Ingila sun mamaye Kumasi a 1896, aka gama yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, sai suka kwararo nan suka kafa gidaje. A gidan maigida mai saukar baƙi, abin da ake fara karɓa daga hannun falke kafin kaya shi ne labarin hanya: wa ya rasu, wa ya yi aure, nawa goro a Kano. Daga baya aka koma wasiƙar ajami, aka zo zamanin kaset da ake cika da murya a ba matafiyi ya kai Jamus ko Libiya, aka yi zamanin layi a shagon buga waya. Guruf shi ne na baya-bayan nan a wannan jerin, kuma ba lallai ya zama na ƙarshe ba.

Abu biyu suka sa ya kama mu fiye da wasu. Na farko harshe. Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnatin Gana ke ɗaukar nauyin koyarwa a makarantu. Ɗan Zango ya koyi rubuta Turanci da Twi a boko, ya koyi Larabci a makaranta, amma harshen da yake mafarki da shi bai taɓa zama an koya masa rubutawa ba. Da WhatsApp ya fito da saƙon murya a 2013, sai ƙofa ta buɗe wa kowa, har Hajiyar da ba ta taɓa shiga aji ba. A murya babu mai gyara maka rubutu, babu mai yi maka dariya don ka cakuɗa Hausa da Twi a jimla ɗaya. Sai dai murya tana da nata sharaɗi, wanda za mu dawo kansa: rubutu ana iya musun sa, murya kuwa ta mai ita ce.

Na biyu agogo. Ƙarfe biyar na asuba a Kumasi, takwas ce a Jidda da Riyad, mai aikin gida ta sallami yara makaranta ta samu sararin taɓa waya. Shida ce ko bakwai a Hamburg, mutum yana cikin jirgin zuwa aiki. Sha biyun dare ce ko ɗaya a unguwar Bronx ta Amurka, direban tasi ko mai gadin dare na tsaka da aiki, ba shi da abokin hira. Da wuya a samu wata sa'a a yini da duk waɗannan za su haɗu ido biyu ban da wannan. Don haka mai cewa a ɗage hirar zuwa bayan la'asar bai lura ba ne cewa rabin guruf ɗin zai rasa.

Mafarki: me ya sa da safe, kuma wa ya kamata ya ji?

Nan ne aka fi samun ruɗani, saboda kowane ɓangare yana da hujja ta gaske.

Dalilin da ya sa mafarki ke mamaye hirar asuba na jiki ne. A 1953 wasu masana biyu a Jami'ar Chicago, Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman, suka gano cewa akwai matakin barci da ido ke motsi da sauri a ƙarƙashin fata, kuma wanda aka tayar a lokacin yakan ce mafarki yake yi. Wannan mataki yana dawowa kusan bayan kowane minti 90, yana ƙara tsawo yayin da dare ke ƙarewa. Wato kiran sallar asuba yakan tarar da mutum a lokacin da mafarki ya fi yawa. Mafarki kuma ba ya jimawa a ƙwaƙwalwa, cikin 'yan mintuna yake gushewa in ba a faɗe shi ba. A da kafin mutum ya yi alwala ya je masallaci ya dawo, ya manta rabi. Yanzu waya na gefen matashi, ana kama mafarkin da zafinsa.

Masu kare al'adar sukan kawo hadisin Samura bin Jundub da Bukhari ya ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idan ya idar da sallar asuba yakan juyo ya tambayi sahabbai ko wani ya yi mafarki a daren. Gaskiya ne, kuma ya isa ya nuna cewa faɗin mafarki da safe ba bidi'ar masu waya ba ce. Amma a dubi wanda ake faɗa wa. Hadisan da suka zo a kan wannan babi sun raba mafarki uku: na bushara daga Allah, na tsoratarwa daga Shaiɗan, da abin da rai ya wuni yana saƙawa. Mai kyau, an ce kada a faɗa sai ga wanda ake ƙauna. Mummuna, an ce a yi tofi sau uku ta hagu, a nemi tsari, a juya kwanciya, kada a faɗa wa kowa. A ruwayar Muslim, da wani baƙauye ya ce ya ga an sare masa kai, an hana shi yaɗa wasan da Shaiɗan ya yi da shi cikin barci. Kuma duk ɗan makarantar allo ya san abin da Annabi Yakubu ya ce wa ɗansa Yusuf a aya ta 5 ta surarsa, cewa kada ya ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa. 'Yan'uwansa na jini ke nan, mutum goma. Ina ga guruf mai mutum 200, wanda aƙalla kashi ɗaya cikin uku ba ka san lambar waye ba?

Sai matsalar masu fassara. An ruwaito cewa an tambayi Imam Malik ko kowa zai iya fassara mafarki, ya amsa da tambaya: da annabci ake wasa? A guruf kuwa kafin mai mafarki ta sauke waya mutum huɗu sun fassara. Ɗaya ya jingina ga Ibn Sirin, wanda malamai da dama ke shakkar cewa shi ya rubuta littafin da ake danganta masa. Ɗaya ya ce haƙori ya faɗi rasuwa ce, ya jefa baiwar Allah cikin zullumi har dare. Wani can gefe, ba ya magana, yana lissafin wace lamba ce maciji a loto.

Wannan duka mai sauƙi ne. Inda abin ke zama haɗari shi ne idan mafarki ya zo da suna. "Na ga wance tana bina da wuƙa." A cikin ɗaki, uwa za ta ce yi shiru, ki yi addu'a, magana ta mutu. A guruf murya ce, an riga an tura, kafin azahar ta kai kunnen wance da 'ya'yanta. A ƙasar nan zargin maita ba abin wasa ba ne. A Yuli 2020 an kashe wata tsohuwa mai shekara 90 da duka a Kafaba, kusa da Salaga, bayan wata boka ta nuna ta, kuma a 2023 majalisar dokoki ta zartar da ƙudurin hukunta masu irin wannan zargi, ko da yake shugaban ƙasa na lokacin bai sa hannu ba. A Zango abin ba ya kai wa jini galibi, amma yana kai wa gabar shekaru tsakanin kishiyoyi da facaloli da maƙwabta.

Akwai kuma mai jiran irin wannan dama. Ka faɗi mafarki a fili, bayan awa guda saƙo ya shigo ta gefe: "Hajiya, mafarkin nan naki akwai magana, amma ba a guruf ba." Ƙarshen maganar kuɗin rago ne ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya.

Ba wai a daina ba. Mace da ta ga mahaifiyarta tana tsince shinkafa ba fassara take nema ba, so take wani da ya san Mma ya ce ya tuna ta. Wannan buƙata ce ta gaske, kuma guruf na biyanta. Irin mafarkin da za a saki a fili da irin wanda za a riƙe, addini ya riga ya tantance tun kafin a ƙirƙiro waya.

Aiki: inda amfani da cuta suka fito ta ƙofa ɗaya

Mafi yawan 'yan Zango ba aikin ofis suke yi ba. Kasuwa ce, tuƙi, ɗinki, kanikanci, gwangwan, sayar da abinci. A irin wannan harka ba a ɗaukar mutum da takarda, da sheda ake ɗauka: yaron waye, wa zai tsaya masa. Mai pragya da zai ba direba a kan ya riƙa biya kaɗan-kaɗan har ta zama tasa, ba zai ba wanda bai san ƙofar gidansu ba.

A 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna, daga binciken da ya yi a wani gari kusa da Boston, cewa mutane sun fi samun aiki ta hanyar sanayya ta nesa-nesa fiye da aminai na kusa. Dalilin a fili yake: amininka abin da ka sani shi ya sani, wanda kuka rabu tun aji shida shi ke da labarin da bai zo maka ba. Wani babban bincike da aka yi da mutum miliyan 20 a LinkedIn, shafin ma'aikata da masu neman aiki, aka wallafa a 2022, ya ƙarfafa wannan. Guruf ɗin tsofaffin 'yan makaranta tarin irin wannan sanayya ne. Amin ɗin da kake turawa kullum ita ke sa ranar da ka ce "ina neman aiki" ba a ji ka kamar baƙo ba. Haka ranar musiba. Idan gobara ta tashi, irin wadda ta cinye shaguna a Adum a Maris 2025, guruf ɗin da jiya ake musun ƙwallo a cikinsa shi ke komawa asusun gudummawa kafin hantsi. Ko harajin tura kuɗi ta waya da aka sa a Mayu 2022 a kan kashi 1.5 cikin ɗari, aka rage zuwa kashi 1, aka soke a Afrilu 2025, bai hana wannan ba, ƙorafi kawai ya ƙara.

To amma ƙofar da amana ke shigowa ta nan ɓarawo ke bi. Tallar aiki a Kuwait ko Kanada, ko "akwai hanya" ta shiga soja ko shige da fice, in ta zo daga lambar da ba ka sani ba za ka yi tsaki. In Kawu ne ya turo, sai ka tsaya. Shi kuwa Kawu bai bincika ba, turo masa aka yi ya tura, da niyyar alheri. Ya ara wa ɗan damfara mutuncinsa bai sani ba. A 2017 gwamnati ta dakatar da kai 'yan aikin gida ƙasashen Larabawa na yankin Gulf saboda rahotannin cin zarafi, amma ejan-ejan ba su daina ba, hanya kawai suka sauya, kuma guruf na cikin wuraren farautarsu. Kwaɗayi mabuɗin wahala, haka ne, sai dai yarinyar da ta gama sakandare shekara uku tana zaune ba kwaɗayi ke damunta ba.

Wani abu da masu suka ba su cika lura da shi ba: hirar asuba ta fi hoton Facebook gaskiya game da zaman waje. Boga, wato mazaunin ƙasar waje, na sa hotonsa jingine da mota, amma ƙarfe ɗayan dare, a gajiye, cikin murya, shi ne zai ce yau aiki biyu ya haɗa, kuɗin haya ya cinye rabi, rabonsa da tuwo mai zafi ya manta. Samari na ji. Gana ta samu sama da dala biliyan 4 daga 'yan ƙasa mazauna waje a 2023, kuma a irin wannan hira ce kaɗai ake jin gumin da ke bayan kuɗin.

Kukan aiki kuma yana da tarko. Yaron shago ya zage maigidansa a murya don ya huce, ya manta ƙanin matar maigidan na cikin guruf.

"Da can": abin da ake tunawa da abin da ake tsallakewa

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma banar ta yi tsanani. A Disamba 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. An rushe tsohuwar babbar kasuwa don gina kashi na biyu na Kejetia, mutanen da suka gaji rumfa daga iyaye suka watsu. Ko lissafin kuɗi bai zauna ba: tun Yuli 2007 aka cire sifili huɗu daga sidi, amma har yau dattijo zai ce ya ba da gudummawar miliyan biyu, yara su yi shiru suna lissafi, sidi 200 yake nufi. Wanda ƙasa ke motsi ƙarƙashin ƙafarsa dole ya nemi abin da ba ya motsi.

A 1688 wani ɗalibin likitanci a Basel, Johannes Hofer, ya lissafa kewar gida cikin cututtuka, kuma an daɗe ana kallonta haka. Binciken baya-bayan nan, musamman na Constantine Sedikides da abokan aikinsa a Jami'ar Southampton, ya nuna akasin haka: kaɗaici ne ke tayar da begen da, shi kuma begen yana rage kaɗaicin. An kuma san cewa abin da mutum ya fi tunawa a tsufansa shi ne abin da ya faru tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa. Saboda haka kowane tsara ke rantsuwa cewa zamaninsa ne Zango ta yi daɗi. Ƙuruciyarsa ce ta yi daɗi.

Ɗauki 1983. A guruf shekarar ƙungiyar ƙwallon Kotoko ce, da ta doke Al Ahly ta Masar a nan Kumasi ta ɗauki kofin Afirka, kuma duk wanda ya haura hamsin zai ce yana cikin filin ranar, har ka rasa yadda filin ya ɗauke su. Amma shekarar ce ta fari da gobarar daji da yunwa, shekarar da Najeriya ta koro 'yan Gana kusan miliyan guda. Ana tuna silima da fim ɗin Indiya, ana tuna hawan sallah da tsiren dare, ba a cika tuna 18 ga Nuwamba 1969 ba, ranar da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Gidaje nawa aka sayar a wulaƙance a Zango, aure nawa ya rabu, mutum nawa aka haifa a nan aka loda a mota zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba. Dattawan da suka gani da ido ba su cika son buɗe wannan babi da asuba ba, kuma ba a ga laifinsu ba.

Illar tana kan yara. Saurayin da ke jin "mu a zamaninmu" kowace safiya, ba tarihi yake ji ba, tuhuma yake ji, shi ya sa yake kashe ƙarar guruf. Asara ce, don a cikin muryoyin nan akwai tarihin Zango da ba a rubuta ko'ina ba: waye ya fara gina layin kaza, wane malami ya karantar da wa, ta ina ayarin shanu ke shigowa gari. Duk yana cikin wayar da gobe za ta faɗa ruwa, ko a goge don wuri ya cika.

Abin da ya shafi aljihu da mutunci

Malamin da ke cewa hira ta ci azkar yana da gaskiya a kan wanda ke buɗe waya kafin ya buɗe baki da salati, haka maigidan gareji a kan yaron da ya kwana yana musu. Wannan matsalar tarbiyyar kai ce, kuma tana nan tun zamanin rediyo. Abin da ya fi shafar talaka kai-tsaye shi ne waɗannan.

Satar guruf ta zama ruwan dare. Wani ya kira ka da sunan admin, ya ce za a yi taron addu'a ta waya, an turo maka lamba shida ka karanto masa. Kana karantowa ya ƙwace WhatsApp ɗinka, ya shiga roƙon kuɗi da sunanka wurin mutanen da ke amsa maka amin kullum. Maganinsa kunna matakin tsaro na biyu a cikin manhajar, da ƙin ba kowa lambar ko da muryarsa ta yi kama da ta Ustaz. Hukumar tsaron intanet da dokar 2020 ta kafa tana karɓar ƙorafi a lamba 292.

Sai doka. Sashe na 208 na dokar manyan laifuka ta 1960 da sashe na 76 na dokar sadarwa ta 2008 sun tanadi hukunci kan yaɗa labarin ƙarya mai tayar da hankali, na biyun har ɗaurin shekara biyar, kuma an yi amfani da su an kama mutane. "Turo min aka yi" ba ya wanke mutum a gaban wanda aka ɓata wa suna, balle in muryarka ce ke yawo.

WhatsApp na barin mutum 1,024 a guruf ɗaya. Masanin nan Robin Dunbar ya ƙiyasta cewa mutum ba ya iya riƙe hulɗa mai ma'ana da fiye da kimanin 150, na cikin zuciya kuwa ba su wuce biyar ba. Jama'a ba su karanta shi ba amma sun gano da kansu. Tunda admin ɗan shekara talatin ba zai iya cire Alhajin da ke turo jita-jita ba, kuma ba zai iya tambayar surukarsa dalilin ƙara baƙuwar lamba ba, sai aka koma buɗe ƙaramin guruf a bayan babba, mutum biyar ko shida. Can ake kai mafarkin gaske da kukan maigida da maganar bashi. Babban ya rage na amin da sanarwar suna da jana'iza.

Wannan ya toshe ɓarakar sirri, amma ya bar wasu a waje. Masu buɗe ƙananan guruf matasa ne da masu iya latsa waya. Tsohuwar da jikanta ya saka a babban guruf, shi kaɗai take da shi, kuma yanzu idan ta yi doguwar murya da asuba, sau da yawa hannayen addu'a biyu ko uku take samu a madadin amsa.